Hukuncin tsaftace kayan tiyata da na'urar filasma ba tare da ruwa ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ina sashen wanke kayan tiyata, an kawo mana na'urar Sterrad wadda ke kashe ƙwayoyin cuta da filasma, ba ruwa ba tururin ruwa. Wani abokin aikinmu ya ce kayan da jini ya taɓa najasarsu na nan sai an ɗauraye su da ruwa bayan sun fito. Kuma wani lokacin idan aiki ya yi yawa gogewa kawai muke yi mu saka. Meye hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salam warahmatullah. Amfani da na'urar halal ne, wannan ba ya buƙatar dogon bayani.

Amma malama, abin da ya tsaya min a rai a tambayarki shi ne jimlar ƙarshe, wadda kika faɗa kamar ba komai ba. Na'urar nan tururin haidirojin take fesawa a cikin ɗaki da aka zuƙe iskarsa, irin haidirojin ɗin nan da ke kumfa a kan ciwo sai dai nata ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, sannan ta mai da shi filasma, wato iskar gas da lantarki ya caja, a ƙarshe abin da ke saura ruwa ne da iskar oksijin. Zafinta wajen digiri 50 ne, ita kuwa otokilef, na'urar da ke dafa kaya da tururin ruwa, 121 ko 134 take kaiwa, shi ya sa ake saka kyamarar duba ciki da kayan roba a cikin Sterrad don kada su lalace. To sharaɗinta shi ne a wanke kayan tas a busar da su kafin su shiga, saboda jinin da ya bushe a maƙogwaron almakashi ko haƙoran hantsaki rufe ƙwayar cutar yake yi, maganin ba zai kai gare ta ba. Kenan idan kika goge kawai kika saka, na'ura ta gama zagayenta, fitila ta nuna komai daidai, kayan suna iya fitowa da ciwon hanta a jikinsu a buɗe cikin wani bawan Allah da su. Wannan haramun ne, cin amana ne da cutarwa, kuma sa hannu a rajista cewa an tsaftace alhali an tsallake wanki shaidar zur ce. Yawan aiki ba uzuri ba ne, ki gaya wa shugaban sashe kayan ba su shirya ba, a jira.

Sai maganar abokin aikinku. Na san inda ya ɗauko ta, a mazhabarmu ta Malikiyya da ta Shafi'iyya ruwa mutlaƙi, wato ruwa tsantsa da wani abu bai sauya shi ba, shi ne ke gusar da hukuncin najasa, wannan haka yake. Sai dai ya ajiye ta inda ba wurinta ba. Ruwan ai ya riga ya shiga tun wankin farko, an cuɗa an ɗauraye, najasa ta tafi kafin a buɗe ƙofar na'urar, to me za a sake ɗaurayewa? Sannan tsarki daga najasa sharaɗi ne na salla, a jiki da tufafi da wuri, wa ya ce masa sharaɗi ne ga wuƙar likita? Wuƙar nan da minti biyu za ta sake nutsewa cikin jini. Ko a cikin mazhabar ma, Shehu Khalil a Mukhtasar ya lissafa takobi mai santsi cikin abin da aka yi afuwa ga jinin halal da ya taɓa shi, don wankewa na ɓata shi, Hanafiyya kuma suka ce irin wannan ƙarfen shafewa ma ta tsarkake shi, Ibn Taimiyya ya ce duk ta yadda najasa ta gushe hukuncinta ya gushe. Babu ko ɗaya da ya ce a ɗauki abin da aka kashe wa ƙwayoyin cuta a kai shi bakin famfo. Ruwan famfo tsarkakakke ne a shari'a, za ki yi alwala da shi, amma akwai ƙwayoyin cuta a ciki, yaga ledar da aka naɗe kayan a zuba musu shi rushe aikin ne gaba ɗaya. Ki faɗa masa da lalama, niyyarsa mai kyau ce, amma ya daina ba da fatawa a ɗakin tiyata.

Kada ki saka auduga ko takarda ko ƙyalle a na'urar, suna shanye maganin. Idan an ɗauke wuta ana tsakiyar aiki a sake daga farko, kar a ce ai ya kusa. Ki riƙa sa safar hannu wajen taɓa kaset ɗin da maganin yake ciki, maganin yana ƙona fata. Ke kuma inda najasa ta shafe ki shi ne rigar aikinki, ki ajiye hijabi da zani daban na salla, jinin da bai kai faɗin dirhami ba an yafe, kada waswasi ya sa ki riƙa tara salloli sai kin koma gida.

Wallahu a'alam.