Kwancewa ake yi, ko ɓallewa?

Wani ɗalibi mai koyon gyaran kwamfuta a Jekadafari, Gombe, ya rubuto a kan had-dis, wato ma'ajiyar bayanan kwamfuta: "Malam, idan zan ciro had-dis daga robar da ake saye shi a ciki, irin wanda ake jonawa da wayar USB, me zan ce na yi: na kwance, na ɓalle ko na ɓamɓare? Kuma robar, mene ne sunanta?"

Robar ka ce mata gida, ya isa. Wasu na cewa kube, suna kwatanta ta da kuben wuƙa, amma wuƙa zare ta ake yi a mayar, shi kuwa wannan gida ba a yi shi don shiga da fita ba.

Aikatau ukun kuma kowanne da wurinsa. Kwancewa kishiyar ɗaurewa ce, saboda haka noti ake kwancewa. (Kada a haɗa da "yana kwance", rubutu ɗaya, karin sauti daban.) Ɓallewa kishiyar ɓallawa ce, wadda daga gare ta aka samo maɓalli. Yawancin ƙananan gidajen nan, masu had-dis ɗan inci 2.5, ba su da noti a waje, 'yan haƙoran roba ne suka riƙe juna. Su ake ɓallewa. Ka cire waya, ka taɓa ƙarfe don wutar jikinka ta sauka, sannan ka sa tsohon katin ATM a tsagar gefe, ka bi ta a hankali har ka ji haƙoran suna sakin juna ɗaya bayan ɗaya. Mai sa sukundireba ya danna da ƙarfi, shi ne ya ɓamɓare, kamar mai raba ɓawo da itace: haƙora su karye, murfi ya ƙi komawa. Ko ta yaya ka buɗe dai, garanti ya tashi.

A ciki za ka ga 'yan robobi masu laushi a gefe, na tare girgiza, da wani ɗan allon lantarki da ya haɗa bakin SATA, wato mahaɗin had-dis ɗin kansa, da na USB. Wannan zare shi ake yi a miƙe, ba a lanƙwasawa. Sai dai a yawancin ƙananan had-dis na kamfanin WD, irin su My Passport, bakin USB manne yake da allon had-dis ɗin kansa, babu abin zarewa. Manya masu inci 3.5 kuma suna bukatar wuta bolt 12, USB kaɗai ba ta juya su.

Wata malama daga Kumo ta tambayi ko "garin neman gira a rasa ido" da "gyaran gangar Abzinawa" ma'anarsu ɗaya.

Sun yi kusa, amma akwai tazara. A ta biyu, abu da ma da lahaninsa, mai gyara ya ƙarasa shi. A ta farko kuwa, ido lafiyarsa ƙalau, kwaɗayin ƙaramin abu ya jawo asarar babba. Had-dis ɗin nan ma ya ishe mu misali. Wanda nasa ke ƙara "ƙas-ƙas", ya kwance notocin murfin ƙarfen don ya leƙa, ya yi gyaran gangar Abzinawa: faifan ciki na juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti, kan da ke karanta shi yana shawagi a tazarar da ƙwayar ƙura ta fi ta kauri nesa ba kusa ba, balle ƙurar hunturun Gombe; in ta shiga, sai ta lalata faifan. Wanda kuma nasa ke aiki, ya ciro shi daga gidan tsohon My Book, wato babban had-dis na WD, don ya sa a kwamfuta, zai iya tarar da ba ta gane komai, domin a wasu daga cikinsu ɗan allon nan ne ke kulle bayanan. Kwamfuta ta nemi a yi masa fomat, wato a goge abin da ke ciki a sake tsara shi, ya amsa mata. Wannan shi ne neman gira. Da ya mayar da allon wurinsa, da hotunansa da takardunsa sun dawo.