An gayyace ni cin abinci a fob ɗin ƙauye a Ingila: in je ko in ba da uzuri?

Anti, barka da aiki. Ni ma'aikaciyar jinya ce a birnin Lesta, wata takwas ke nan da zuwana. Shugabar sashenmu za ta yi ritaya, abokan aiki sun shirya mata liyafa ranar Lahadi a wani ƙauye, a wurin da suke kira gastrofob. Wai duk abincin daga gonakin yankin ake kawowa. Ni dai da na ji "fob" gabana ya faɗi, don a sanina mashaya ce. Matar nan kuwa ta riƙe ni da amana tun zuwana. In je? In na je me zan ci?

Ƙanwata, saninki daidai ne, fob mashaya ce, giya ake sayarwa a ciki. Sai dai a ƙauyen Ingila nan ne dandalin gari. Nan ake taruwa bayan jana'iza, nan ake kai kakanni cin abinci ranar Lahadi, har da jarirai a kekensu. Gastrofob kuwa fob ne da girki ya fi giya ƙarfi a cikinsa. Sunan ya samo asali ne a 1991, lokacin da David Eyre da Mike Belben suka karɓi wani fob mai suna The Eagle a unguwar Clerkenwell ta Landan, suka riƙa rubuta abincin kowace rana da alli a allo. Daga nan salon ya bazu zuwa ƙauyuka, musamman bayan an hana shan taba a cikin irin waɗannan wurare a 2007.

Akwai hadisin da ya yi hani da zama a teburin da ake shan giya, kuma wannan hurumin malaminki ne, ki tambaye shi kafin ranar. In zuciyarki ba ta kwanta ba, ki sa hannu a katin ban kwana, ki ba da gudummawarki, ki kai mata wata 'yar tsaraba wurin aiki. Ba za ta riƙe ki a rai ba.

In kuma kin yanke za ki je, to ki sani abin da ke cikin kofi ba shi ne matsalarki ba, wannan da idonki kike gani. Tukunyar ce abin tsoro.

Abincin Lahadinsu gasasshen nama ne, na sa ko rago ko kaza ko alade, da gasasshen dankali, da ganye, da wani abu mai kumburi na fulawa da ƙwai da madara da suke kira Yorkshire pudding, sai a kwarara romo mai kauri a kai. Naman daga mahaucin yankin yake, don haka ki ɗauka ba yankan Musulmi ba ne sai in sun ce miki shi ne. Yawancinmu sai mu ce a ba mu dankali da ganye kawai, mu ɗauka mun tsira. Ina! Dankalin nan sau da yawa da kitsen sa ko na agwagwa ko na dinya ake gasa shi, abin da ke sa shi ƙamas-ƙamas ke nan. Romon sau da yawa da jar giya ake haɗa shi. Soyayyen kifinsu ma, ƙullin fulawar da ake tsoma shi ciki sau da yawa da giya ake dama shi, har alfahari suke yi su rubuta sunan giyar a takardar abinci.

Alade kuma yana da sunaye kamar ɗan gata. In kin ga an rubuta gammon, ham, bacon, pancetta, chorizo, lardons, crackling ko black pudding, duk shi ne, na ƙarshen ma da jininsa ake yi. Cider a Ingila ruwan tuffa ne mai bugarwa, kuma ana girki da shi. Ni kaina a shekarata ta farko na sha rabin kwanon romon koren wake a wani ƙauye, ina ta santi, kafin cokalina ya tono guntun naman alade a ƙasan kwano. Tun ranar na daina jin nauyin tambaya.

Dokar ƙasar ta tilasta wa masu sayar da abinci su bayyana abubuwa 14 da jikin wasu ba ya so, irin su gyaɗa, madara, ƙwai da riɗi. Alade da giya ba sa cikin jerin, don haka ba wanda zai faɗa miki sai kin tambaya. Harafin V da ake sa wa abincin marasa cin nama yana nufin babu nama, bai ce babu giya ba.

To a nan ne irin wannan wuri ya fi manyan gidajen abinci masu rassa. Mai girkin da kansa ya haɗa romon da safe, ya san abin da ya zuba, kuma yana iya sauyawa. Ki kira su ranar Laraba ko Alhamis wajen ƙarfe uku na yamma, lokacin da kicin ya lafa. Ki ce ba kya cin nama, ba kya cin abin da aka dafa da giya ko kitsen dabba. Ki roƙi gasasshen kifi da man shanu a kasko mai tsabta, da dafaffen dankali da ganyen da ake yayi. Wannan a wurinsu ba wani aiki ba ne in sun sani tun da wuri. Amma in kika bari sai ranar Lahadi da ƙarfe ɗaya, ana hada-hada, za ki ƙare da burodi da man shanu. Kayan zaƙi ma ki tambaya, akwai masu giya, akwai masu jelatin na alade, wato sinadarin da ke sa su daskarewa.

Abin sha a kanta ake zuwa a saya, kuma al'adarsu mutum ɗaya ya saya wa kowa, anjima wani ya karɓa. Ki faɗa tun farko cewa ke naki za ki riƙa saya. Lemun tsami da soda ya wadatar. Karnuka na shiga fob ɗin ƙauye, in ba kya so ki ce a ba ku teburi a ɓangaren cin abinci. Ki nemi mai mota cikin abokan aikinki, don bas ɗin ƙauye ranar Lahadi sai an dace. In lokacin sanyi ne ki tafi da dadduma, a Disamba kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi.

Anti, ɗalibi ne ni a garin Reading. Malamina ya kai ni irin wannan wuri a watan Mayu, na ci wani kifi mai daɗi da wani kayan lambu da ake kira asfaragos. Na koma a Oktoba aka ce babu. Abinci kala biyar kacal suke da shi, ga tsada. Wannan zancen "na gida, na lokacinsa" ba dabarar cin kuɗi ba ce?

Malam, da ka same shi a Oktoba, da ni ce zan ce an cuce ka. Asfaragos ɗin Ingila a al'ada daga 23 ga Afrilu ake fara yankansa a daina 21 ga Yuni. Wanda kake gani a manyan kantuna sauran shekara daga wajen ƙasar ake kawo shi, galibi daga ƙasar Feru. Kai da ka san ba a neman gasasshiyar ɗanyar masara da bazara, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinka.

Kowane lokaci da nasa. Daga Janairu zuwa Maris ana samun rubab na Yorkshire, wani jan kara mai tsamin yakuwa da ake renonsa a ɗakuna masu duhu. Yuni da Yuli na sitiroberi ne. Farautar wani tsuntsu mai kama da fakara tana buɗewa 12 ga Agusta, ta fezant, dangin zabo mai dogon bindi, daga 1 ga Oktoba zuwa 1 ga Fabrairu. Waɗannan da bindiga ake harbo su, ba yankawa ake yi ba.

Gajeren jerin da ya ba ka haushi shi ne alamar kirki. Ƙaramin kicin da ke da abinci kala arba'in, firiza ce ke yi masa girki. Amma zarginka ma yana da tushe, domin doka ba ta ƙayyade mil nawa ne "na gida" ba, kowa na iya rubutawa. Ka tambayi mai kawo abinci daga wace gona ko wace gaɓa. Wurin gaske zai faɗa maka suna nan take. Akwai waɗanda suka kai abin ƙarshe: Stephen Harris na The Sportsman da ke Seasalter a Kent ya yi suna da yin gishirinsa daga ruwan teku da kaɗa man shanunsa. The Hand and Flowers na Tom Kerridge a Marlow, nan kusa da kai, shi ne fob na farko da ya sami tauraro biyu na Michelin, littafin da ke tantance gidajen abinci, a bugun 2012. Irin waɗannan ba na aljihun ɗalibi ba ne. Kai ka je da rana tsakiyar mako, wurare da yawa suna da abincin rana mai ƙayyadadden farashi, ya fi na dare da na Lahadi sauƙi.

Anti, na ci abinci a fob, na ga an ƙara min kashi 12.5 cikin ɗari na kuɗin hidima a takardar kuɗi. Dole ne in biya?

In an rubuta cewa na ganin dama ne, kana iya cewa a cire. Ni dai ina biya in an yi min hidima, tunda daga 1 ga Oktoba 2024 doka ta ce kuɗin na ma'aikata ne, mai wurin ba zai yanki komai ba. In an riga an ƙara, kada ka sake ajiye wani a teburi. Ruwan famfo kuma kyauta ne a duk inda ake da lasisin sayar da giya, amma sai ka ce na famfo, in ba haka ba na kwalba za a kawo maka a caje ka.