Tambayi Masani: Hayar sikuta da keke ta waya, ina ribar take?

Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suke: kekuna da ƙananan baburan lantarkin nan da ake hawa a tsaye, wato sikuta, waɗanda ake ɗauka haya ta waya a manyan birane.

Tambaya: Na ajiye keken haya a ƙofar laburare, da na koma gida sai na ga an cire min kuɗin kusan awa biyu. Wannan ba cuta ba ce? Daga wata ɗaliba, Landan.

Amsa: Mantuwa ce, 'yar'uwa. Sauka daga kan keke ba ya tsayar da lissafi, sai kin danna gama tafiya a manhajar, kin ɗauki hoton da ta nema. Shiga tarihin tafiyarki ki kai ƙorafi, taswira za ta nuna keken a tsaye yake duk tsawon lokacin. Kuma na sha faɗa a wannan fili: irin waɗannan manhajoji, da katin da ba a tara kuɗi a cikinsa ake haɗa su.

Tambaya: Malam, na ga sikutocin nan a Turai sun burge ni. So nake in sayo guda 50 in zuba a gari. Wani yaro ya ce zai haɗa min manhaja cikin mako biyu. Tunda ba direba, ba fetur, ai duk abin da ya shigo riba ce ko? Daga wani ɗan kasuwa, Kano.

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, amma gyara zama. Ba abin da ke ɗaga min hankali kamar in ji an ce "an haɗa manhaja", a ɗauka kasuwanci ya kammala. Manhajar ita ce mafi sauƙi a cikin harkar nan. Wahalar tana kan titi.

Ka tuna mai hayar keke na unguwa? Yana zaune ƙarƙashin darbejiya da famfo da kayan faci, agogo ɗaure a hannu. Bai taɓa ba yaron da bai san gidansu ba keke. Ka lanƙwasa masa taya, kafin magariba yana ƙofar gidanku yana sallama da babanka. Kamfanonin nan sana'arsa suka ɗauka, sai dai sun cire shi daga ƙarƙashin bishiyar, suka bar kayan a titi ba mai tsaro.

Ga abin da ya biyo baya. Kamfanin Bird ya fara a Santa Monica ta Amurka a 2017, yana karɓar dala 1 ta buɗewa da santi 15 a kowane minti. Tafiyar minti goma ke nan dala 2 da rabi. A ce an hau sikuta ɗaya sau biyar a rana, an samu dala 12 da rabi. Mai kwasarta da dare ya yi mata caji a gidansa ya dawo da ita da asuba, a lokacin ana biyansa daga dala 5 zuwa sama. Ba a zo kan gyara ba, ba a zo kan kason banki da kuɗin izinin hukumar birni ba. Ita kanta sikutar ta kai kusan dala 500, kuma na farkon ba don haya aka ƙera su ba, ƙirar Xiaomi ce ta amfanin mutum ɗaya. Da aka bi alƙaluman birnin Louisville na 2018, sai aka ga sikuta ɗaya kwana 29 kacal take yi a kan titi. Ɗauko kalkuleta, Alhaji. In an cire kuɗin caji, ko rabin kuɗinta ba ta mayarwa take mutuwa. Daga baya sun ƙera masu ƙwari, wasu kamfanonin suka koma batirin da ake zarewa a sauya nan take, duk da haka a Disambar 2023 Bird ya je kotu ya bayyana karyewarsa.

Idan kuma yaron naka ya ce a riƙa karɓar kuɗin ajiya, ka tambaye shi labarin Ofo, mai kekuna ruwan ɗorawa a Sin. Yuan 99 yake karɓa, daga baya 199. A ƙarshen 2018 mutum sama da miliyan 10 ne suka yi layi a manhajar suna jiran a dawo musu da ajiyarsu.

To waɗanda suka daɗe fa? Duba sunan da ke jikin keken. Na New York, Citi Bike, ya fara a 2013 bayan bankin Citi ya zuba dala miliyan 41 don a manna sunansa. Na Landan sunan bankin Barclays ya ɗauka a 2010, sai na bankin Santander daga 2015. Vélib na Faris kuwa, kamfanin talla JCDecaux ne ya kafa shi a 2007, birnin ya ba shi allunan talla a madadin haka. Ma'ana, akwai wani mai aljihu a bayan kuɗin da mahayi ke biya. Kai wa ke bayanka?

Kuma a Kano abokin gasarka ɗan adaidaita sahu ne, mai rumfa a tsakar rana, mai ɗaukar uwa da 'ya'ya da buhu. Ga cajin guda 50 kullum da irin wutar da muke samu. In dai sai ka yi, nemi wuri mai katanga da ƙofa, kamar jami'a, inda kowane mahayi ke da katin shaida. Fara da keke goma marasa batir, ka ɗauki mai gyara tun kafin ka biya mai manhaja.

Tambaya: Da na shiga wani layi sai sikutar ta rage gudu da kanta. Ta lalace ne? Daga wani matashi.

Amsa: Lafiyarta ƙalau. Ka shiga yankin da aka ƙayyade gudu ne, na'urar gano wuri ta GPS ce ta tona ka. Launukan da ke taswirar manhajar ba ado ba ne.

Tambaya: Zan je Faris wata mai zuwa, wace manhajar sikuta zan sauke? Daga wani mai karatu, Maraɗi.

Amsa: Babu. Mazauna birnin sun kaɗa ƙuri'a a Afrilun 2023, kusan kashi 90 cikin 100 na waɗanda suka fito suka ce ba sa so, aka kwashe su kafin 1 ga Satumba. Sauke ta Vélib, ka motsa ƙafa.