Amsa ga dattijon da ya tambaya yadda za a riƙe matasa a ikilisiya

Baba dattijo, salama a gare ka. Ka tambaya dalilin da ya sa matasan da suka tashi a majami'arku suke ɓacewa da zarar sun gama karatu, da kuma ko ƙananan rukunonin zumunta za su iya dawo da su. Na daɗe ina hidima tare da matasa a wata ikilisiyar ECWA a Kaduna, kuma amsata ita ce za su iya, muddin ba a mayar da rukunin wata ƙaramar sujadar Lahadi ba.

Yawancin yaran nan ba bangaskiya suka bari ba, wurin zama suka rasa. Yaro yana sakandare FCS, ƙungiyar ɗalibai Kirista, tana riƙe da shi, a jami'a ya sami NIFES, irin wannan ƙungiya ta manyan makarantu, lokacin bautar ƙasa kuma NCCF, ƙungiyar Kiristoci masu bautar ƙasa, ta ba shi masauki da 'yan'uwa. Ranar da ya dawo gida da takardar shaida a hannu, ba aiki ba aure, sai ya ga ya girmi zumuntar matasa alhali bai isa zama cikin zumuntar maza ba. Abin ya fi yi wa 'yan mata ciwo, domin a wurare da dama Zumuntar Mata ta matan aure ce. Irin wannan matashi yakan zauna a bencin baya, ya fita kafin a gama sanarwa, kuma ko ya yi wata guda bai zo ba babu mai cigiyarsa.

Rukunin da na ga ya ɗore shi ne wanda bai wuce mutum goma ba, ana haɗuwa da yamma a ɗakin hayar ɗayansu, a kan tabarma, a ci abin da ya samu, kamar yadda Ayyukan Manzanni 2:46 ya nuna masu bi na fari suna yi gida-gida. Matashi ne ya kamata ya jagoranta. Ina roƙonka da girmamawa, idan ka ziyarce su ka saurara fiye da yadda za ka yi magana, domin duk inda babba ya karɓi zaman, kunya takan rufe bakin yara, tambayoyinsu na gaske game da aure, rashin aiki da shakka su koma ciki. A bar su su gauraya Hausa da Turanci yadda suka saba.

A rukuninmu akwai wani mai gyaran waya da ya daina zuwa saboda bashin kuɗin shago. 'Yan'uwansa na rukunin suka je har kasuwa suka zauna da shi, suka sa shi cikin adashensu, suka ba shi ɗaukar farko. Saƙon WhatsApp yana da amfani, amma ba zai yi wannan aikin ba.

Kafin ku yi sanarwa a majami'a, ku zauna da matasa biyu ko uku ku rubuta sunayen waɗanda aka daɗe ba a gani ba, sannan a bi su gida ɗaya bayan ɗaya a gayyace su baki da baki.