Na gama maganin kansar mama, an ce in riƙa cike fom ta intanet

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Wata huɗu ke nan da na gama maganin kansar mama, an yi mini tiyata da kimo (maganin kashe ƙwayoyin kansa), yanzu ina shan tamoxifen, maganin rage haɗarin dawowar ciwon. Asibiti sun ce za a rage mini zuwa, in riƙa cike fom ta waya ina faɗin yadda nake ji. Hankalina bai kwanta ba. Idan ciwon ya dawo, fom ne zai gano?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ƙara lafiya. Ba sallamarki aka yi ba. Sau da yawa idan kansar mama ta dawo, mai ita ce ke fara jin canji a jikinta tun kafin ranar ganin likita ta zagayo. Amfanin fom ɗin shi ne kada canjin ya yi wata uku yana jiran layi.

Za ki ga tambayoyi kan ciwo, kasala, tari, numfashi, cin abinci, barci da damuwa, ki ba kowanne maki, galibi daga 0 zuwa 4 ko zuwa 10. Idan makin ya yi tsanani, ko ya haura na baya sosai, manhajar ta tura wa nas saƙo, ita kuma ta kira ki.

An gwada tsarin. A Faransa, masu kansar huhu da ke cike fom duk mako sun kai matsakaicin wata 22.5 a raye, waɗanda aka bi ta hanyar da aka saba kuwa wata 14.9, kamar yadda aka wallafa a 2019. Sai dai binciken ƙarami ne, kuma ciwonsu ba irin naki ba ne. Wani mafi girma a Amurka mai mutum 1,191 bai nuna ƙarin tsawon rai ba, amma masu cikewa sun fi jin daɗin jikinsu. Don haka fom ba ya maye gurbin hoton mama na shekara-shekara, ko duba ki da hannu.

Inda aka fi samun matsala shi ne wajen amsawa. Mace bayanta ya hana ta barci kwana goma, amma sai ta danna 1, don ta saba cewa da sauƙi, ko don tsoron abin da za a ce mata. Manhaja ba ta ganin fuskarki, ba ta ganin kina dafa bango kafin ki miƙe. Abin da kika danna shi kaɗai ta sani. Idan wani ke danna miki, ya karanto tambayar ki ba da amsa da bakinki. Ki tsayar da rana guda, ki hau sikeli guda da safe kafin ki ci komai, kuma ki cike ko da lafiyarki ƙalau, domin da ranakun lafiya ake auna na ciwo.

Ki rubuta da zarar kin ga sabon ƙullutu a wurin tiyata, a hammata ko saman ƙashin wuya, kumburi ko nauyin hannun ɓangaren da aka yi aiki, ciwon ƙashi ko tari da ya wuce mako biyu, ko rama ba dalili. Jinin da ba na al'ada ba ma a faɗa, saboda tamoxifen yana iya taɓa mahaifa. Idan zafin da ke taso miki a jiki kwatsam da zufar dare, waɗanda tamoxifen kan jawo, sun dame ki, kada ki ajiye maganin da kanki, ana iya sauƙaƙa su.

Akwai kuma abin da ba a jira da shi. Numfashi ya sarƙe kwatsam, ciwon ƙirji, tarin jini, ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi (maganin yana ƙara haɗarin daskarewar jini), ciwon baya tare da mutuwar ƙafafu ko kasa riƙe fitsari, matsanancin ciwon kai da amai: ki ajiye waya ki tafi sashen gaggawa nan take. Ciwon bayan nan da mutuwar ƙafafu musamman, suna iya zama alamar matsewar laka, kuma jinkirin sa'o'i kan iya hana mutum tafiya.

Kafin ki fara, ki tambaye su wa ke karanta amsoshin, cikin awa nawa ake kira, wa ke dubawa da dare da ƙarshen mako, da lambar da za ki kira idan intanet ya ƙi. Idan kin tura alama mai tsanani lokacin da suka ɗiba ya wuce shiru, ki kira su da kanki.