Sai da Turanci da hanya a Hollywood ake cin abinci da rubutun fim?

Tambaya: Ni malamar makaranta ce a Gusau, kuma na daɗe ina rubuta labarai ina rabawa a WhatsApp. Burina in zama marubuciyar fim da za ta dogara da wannan sana'a, amma ana ta ce mini muddin ba da Turanci nake rubutu ba, kuma ba ni da kowa a Amurka ko Ingila, wahalar banza nake yi. Ta ina zan fara?

Amsa: Malama, masu faɗa miki haka sun manta cewa kina zaune ne kusa da masana'antar da take cin rubutu kullum. Tun daga 1990, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano, fim ɗin Hausa bai daina neman labari ba, kuma buƙatar ta ƙaru bayan da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, sannan finafinai masu dogon zango suka mamaye YouTube. Shirin da ake sakin sabon kashinsa kowane mako yana cinye shafuka masu yawa, kuma ƙarancin marubutan da za su riƙe labari har ƙarshe ba tare da ya yi sanyi ba yana cikin manyan raunin masana'antar. Shawarata ita ce ki sa burinki na farko ya zama ganin an ɗauki rubutunki a gida, domin marubucin da ba a taɓa ɗaukar aikinsa ba yana da wuya a saurare shi, a Kano ne ko a Landan.

Kafin nan akwai aikin da ya rataya a wuyanki, wato rabuwa da ɗabi'ar marubucin littafi. A littafi kina iya cewa Hindatu ta kwana tana juyayin cin amanar da aminiyarta ta yi mata, amma kyamara ba ta ɗaukar juyayi. A rubutun fim sai ki sa mu a ɗakin Hindatu da dare, ta buɗe akwati ta ciro atamfar ankon da suka ɗinka tare, ta ninke ta a hankali, da gari ya waye ta miƙa wa mai aikin gidan ba tare da ta ce uffan ba. Duk abin da mai kallo ba zai gani ko ya ji ba, ba shi da gurbi a shafin. Ki kuma koyi tsarin shafin da aka saba da shi, inda kowane sin, wato fitowa, yake farawa da wuri da lokaci, kuma shafi ɗaya yake daidai da kusan minti ɗaya a allo. Akwai manhajoji irin su WriterDuet da Trelby da suke tsara wannan kyauta, don haka rashin kuɗin sayen manhajar Final Draft ba zai hana ki ba.

Abu na biyu da yake raba ƙwararre da ɗan koyo shi ne sanin cewa kowane layi kuɗi ne. Idan kika rubuta taron biki mai ɗaruruwan mutane, furodusa zai fara lissafin haya da abinci da sutura, ya ajiye rubutun. Idan kuwa kika kai mu tsakar gida washegarin bikin, mata uku suna wanke tukwane suna bitar abin da dangin ango suka yi, kin ba shi bikin gaba ɗaya a lokeshan guda, kuma sau da yawa wannan sin ɗin ya fi armashi.

Batun haƙƙi ne wurin da nake so ki fi tsayawa, saboda a nan ake cutar marubutanmu. An saba a karɓi labari da baki, a biya wani abu kaɗan, daga baya a ga sunan wani a allo. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare rubutunki tun daga lokacin da kika rubuta shi, kuma ba ta amince da mallaka wa wani haƙƙin ba sai a rubuce. Saboda haka kada ki miƙa cikakken rubutu sai da yarjejeniya da ta fayyace nawa za a biya ki da lokutan biyan, gyara sau nawa za ki yi, yadda sunanki zai fito, da kuma wanda yake da ikon ci gaba da labarin a zango na biyu ko mayar da shi littafi. Kina iya yin rajistar aikin a Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa don ƙarin hujja. Ki kuma san ƙa'idojin Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, tun da furodusa ba zai zuba kuɗi a abin da yake tsoron za a hana ba.

Game da Turanci, tarihi ya ba da amsa. A 2019 masu shirya kyautar Oscar sun cire fim ɗin Najeriya mai suna Lionheart daga rukunin finafinan ƙasashen waje saboda Turanci ya yi masa yawa, kuma finafinan da Najeriya ta tura a 2020 da 2024, The Milkmaid da Mai Martaba, da Hausa aka yi mafi yawansu. Ba su kai matakin ƙarshe ba, amma sun nuna cewa harshen ba shi ne shinge ba. Tun a 1972 ma Oumarou Ganda na Nijar ne ya fara lashe babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka na Wagadugu, da fim ɗin da ba na Turanci ba. Inda za ki buƙaci Turanci ko Faransanci shi ne taƙaitaccen labari da bayanin manufa da ake nema a wuraren tallafi, kamar asusun Hubert Bals na bikin finafinai na Rotterdam, da World Cinema Fund na Berlin, da kasuwar Durban FilmMart, da zaman horon marubuta na Realness a Afirka ta Kudu. Yawancinsu suna son ganin darakta ko furodusa tare da ke, da wani aiki da aka riga aka ɗauka ko da gajere ne, kuma masu nema suna da yawa ƙwarai.

Ba zan ba ki shawarar ɗora rayuwarki a kan manyan kamfanonin waje ba, domin a farkon 2024 Prime Video, manhajar kallon finafinai ta kamfanin Amazon, ta daina ba da kwangilar sababbin finafinai a Afirka, waɗanda suka jingina da ita kuma suka ji a jikinsu. Kada ki bar koyarwa tukuna. Ki zaɓi ɗaya daga cikin labaranki, ki mayar da shi gajeren fim na shafi 10 mai 'yan wasa uku da gida ɗaya, ki nemi matashin darakta da yake neman abin da zai nuna kansa da shi, ku rattaba hannu a takarda ko da shafi ɗaya ce, sannan ki je wurin ɗaukar ki ji yadda kalmominki suke fita daga bakin 'yan wasa.