Kare tsofaffin hotuna da nagatif daga gobara

Malam, ka tambayi yadda za ka kare hotunan bikin kamun kifi na Argungu da nagatif ɗinsu (wato fim ɗin da ake wanke hoto daga gare shi) waɗanda mahaifinka ya bari a shagonsa na Birnin Kebbi. Kada ka dogara da akwatin ƙarfe, domin ƙarfe yana ɗaukar zafi ya gasa abin da ke ciki. Ko akwatin hana gobara da aka ƙera domin takardu yana barin zafin cikinsa ya kai digiri 177 a ma'aunin Celsius, alhali fim yana fara lalacewa tun wajen digiri 65. Nisanta hotunan da nagatif ɗin daga janareta da galan ɗin fetur, musamman a hunturu. Ni dai na fi so ka fara kwafe su a kwamfuta, sannan ka raba wurin ajiya: nagatif a gida, hotunan a hannun wani ɗan'uwa.